Yadda Ake Kallon Ofera Mai Ban Tausayi a Bidiyo

Ofera wasan kwaikwayo ne da ake rerawa maimakon a faɗa. Gaisuwa da waƙa ake yin ta, rigima da waƙa, har fitar rai ma da waƙa, kuma a wani rami da ke gaban dandamali akwai makaɗa sittin ko fiye suna tafe da mawaƙan ƙafa da ƙafa. A Italiya aka faro ta wajen shekarar 1600, ta bunƙasa a ƙarni na 19, kuma waɗanda suka fi zama a zukatan mutane har yau na ban tausayi ne, waɗanda labule ke sauka a kan gawa.

Duk wanda ya tashi yana kallon finafinan Indiya tun kafin a fara fassara su, ya san yadda mutum ke share hawaye a kan labarin da bai ji ko kalma ɗaya ta harshensa ba. Irin wannan mai kallo ba baƙo ba ne a wannan gida. Abin da ke korar mutane shi ne shiga ta ƙofar da ba ita ba: mutum ya ci karo da guntun bidiyo na minti uku, wata mata ta buɗe baki tana ɗaga murya, bai san wace ce ba, bai san me aka yi mata ba, sai ya ce ihu ne ya wuce. Da ya san cewa a wannan lokacin matar ta sadaukar da duk abin da ta mallaka ne, da kunnensa ya ji wani abu dabam. Ga yadda za ka shiga ta ƙofar da ta dace.

Da farko, ka san irin bidiyon da kake nema

Iri uku ne ke yawo da sunan ofera. Akwai wanda aka ɗauka a gidan wasa, a gaban 'yan kallo, ana cikin yi. Akwai fim na sosai, inda aka naɗi waƙar a situdiyo tukuna, sannan 'yan wasa suka riƙa motsa baki a gaban kyamara, kamar *La traviata* da Franco Zeffirelli ya yi a 1982 ko *Carmen* ta Francesco Rosi a 1984. Akwai kuma taron waƙa kawai, mawaƙa a tsaye cikin kwat da doguwar riga, babu kayan wasa, babu motsi.

Na farkon shi nake so ka nema. Za ka gane shi tun a mintunan farko: kyamara na nuna kujeru da 'yan kallo, makaɗa na daidaita kayansu, madugun makaɗa ya shigo a yi masa tafi. Dalilin fifita shi kuwa shi ne a nan ne kaɗai kake ganin aikin gaskiya. Mawaƙin ofera ba ya dogara da lasifika. Gidan Metropolitan da ke Niyok yana ɗaukar mutum kusan 3,800, kuma muryar mutum ɗaya ce za ta ƙetare makaɗan nan duka ta kai ga wanda ke kujerar ƙarshe. Makirufon da ake sa wa don ɗaukar bidiyo na naɗa ne kawai, ba ya ƙara wa na cikin ɗakin sauti. Babu a sake, babu a gyara a gaban mutane. In numfashi ya gaza, kowa ya ji. Sanin haka kaɗai yana sauya yadda za ka kalli jijiyar wuyan mawaƙiya sa'ad da take hawa sama.

Ka zaɓi wasa ɗaya, ka tsaya a kansa

Kada ka fara da Wagner, mai tsara ofera ɗan Jamus. Wasansa *Tristan und Isolde* kiɗa ne na kusan awa huɗu, kuma lokacinsa zai zo. Ka fara da gajere mai labari a miƙe. *Tosca* ta Puccini, wadda aka fara yi a Roma a 1900, kusan awa biyu ce, tana gudu kamar fim ɗin 'yan sanda. *La bohème*, ta shi Puccinin a 1896, ba ta ma cika awa biyu ba.

Amma shawarata ita ce *La traviata* ta Giuseppe Verdi, wadda aka fara nunawa a gidan La Fenice na birnin Benis ranar 6 ga Maris, 1853. Na zaɓe ta ne don ciwon da ke cikinta ba ya buƙatar tafinta a wurinmu: uba ne ya zo roƙon wata mace ta rabu da ɗansa, saboda zamansu tare zai ɓata sunan gida ya kuma wargaza auren ƙanwar yaron. Duk wanda ya taɓa ganin an fasa aure a kan binciken asali ya san nauyin wannan magana. Da ita zan yi misali har ƙarshe.

Ka karanta labarin duka kafin ka danna komai

Wannan ya saɓa wa yadda muka saba da fim, inda ba a son a gaya wa mutum ƙarshe. A ofera sanin ƙarshen ne ke buɗe kunne. Su kansu 'yan kallon gidan wasa sun san wa zai mutu tun kafin su sayi tikiti. Abin da suka zo gani shi ne yaya.

Ga labarin a taƙaice. Violetta mace ce mai zaman kanta a birnin Faris, attajirai ke ɗaukar nauyinta, tarin fuka kuma na cin ta a ɓoye. Sunan wasan ma yana nufin wadda ta kauce hanya. A wata liyafa a gidanta aka gabatar mata da Alfredo, saurayi ɗan gidan mutunci daga kudancin Faransa, wanda ya shekara yana son ta daga nesa. Ta yi masa dariya, amma maganarsa ta shige ta. A kashi na biyu sun yi wata uku tare a wani gida a ƙauye, ita ce ke sayar da dawakanta da kekunan dokinta a asirce don su ci. Ran da Alfredo ya gano haka ya tafi birni neman kuɗi, a ranar ubansa, Germont, ya iso ya same ta ita kaɗai. Ta yarda ta rabu da shi, ba tare da ta faɗa masa dalili ba. Alfredo ya ɗauka kwaɗayi ne ya mayar da ita wurin tsohon mai ɗaukar nauyinta, ya bi ta wata liyafa, ya watsa mata kuɗin da ya ci a caca a gaban jama'a, wai ya biya ta. A kashi na uku tana kwance, dukiya ta ƙare. Uban ya faɗa wa ɗansa gaskiya, su biyun suka zo neman gafara, suka tarar sauran ta 'yan mintuna.

Labarin yana da tushe. Verdi ya ɗauko shi daga wasan da Alexandre Dumas ƙarami ya rubuta, shi kuma ya gina shi a kan wata mata ta gaske, Marie Duplessis, wadda tarin fuka ya kashe a Faris a 1847 tana da shekara 23. Wato lokacin da aka fara rera wasan, shekara shida kacal da binne ta.

Wane naɗi, kuma a ina

Wasa ɗaya ne, kiɗa ɗaya, amma kowane gidan wasa da nasa darakta da nasa kayan. Wani zai bar labarin a zamaninsa, da manyan riguna da fitilun kyandir. Wani zai ɗauko shi ya dire a zamanin yau. Kallon farko ka nemi na gargajiya, don abin da ido ke gani ya yi daidai da abin da ka karanta.

Wanda nake miƙa wa duk mai farawa shi ne na gidan Covent Garden a Landan, 1994. Richard Eyre ne darakta, Georg Solti ne madugun makaɗa yana da shekara 82, Angela Gheorghiu 'yar Romaniya ce Violetta tana da 29, Frank Lopardo ne Alfredo, Leo Nucci ne uban. A wannan wasan ne sunan Gheorghiu ya fita duniya, har BBC ta ture shirye-shiryenta don ta nuna shi.

Wurin samu kuwa, ka fara da na kyauta. OperaVision dandali ne da gidajen ofera na Turai suka haɗu a kansa tun 2017, yana da shafinsa da tasharsa a YouTube, yana sa cikakkun wasanni da izinin masu su, kowanne ya zauna 'yan watanni a sauya. Galibi akwai fassara a ƙasan allo da Turanci da Faransanci da Jamusanci, don haka mutanen Nijar da Kamaru da Chadi ma ba a bar su a baya ba. Na biya akwai Met Opera on Demand, wanda ke ɗauke da taskar gidan Metropolitan, har da *La bohème* ta 1977 da Luciano Pavarotti da Renata Scotto, da kuma medici.tv. Tsofaffin naɗi irin na 1994 an fitar da su a faifan DVD.

In kana bincike a YouTube, rubuta sunan wasan yadda yake, ka ƙara sunan mawaƙiyar da shekarar, da kalmomin "full opera". Duba tsawon bidiyon kafin ka fara: cikakkiyar *La traviata* tana ɗan haura awa biyu, duk abin da ya gaza haka da yawa an yanke shi. Sannan ka tsallaka zuwa tsakiya ka tabbatar fassarar na fitowa, ko a jikin hoton ko ta madannin CC. Kada ka yi kallon farko babu fassara. Ko a gidajen wasan kansu ana haska ta a saman dandamali, al'adar da aka faro a Toronto ta Kanada a 1983.

Abu guda da ya kamata in faɗa a fili: waɗannan labarai na wata al'umma ne, akwai shan giya, akwai runguma, akwai sutura irin tasu, kuma wasu daraktocin zamani kan wuce gona da iri. In da iyali za ka kalla, ka fara leƙa shi kai kaɗai.

Kunne ya fi ido

In za ka kashe kuɗi a kan abu ɗaya, ya zama abin ji. Lasifikar waya tana kashe ofera, domin ba ta fitar da ƙananan sautuka masu kauri, kuma tana mayar da siririyar murya tsiwa. Iyafis mai kyau, ko da na waya ne, ya fi babbar talabijin mai ƙaramar murya. Ka kuma lura cewa sautin wannan kiɗa yana sauka ƙasa ƙwarai, ya kuma tashi sama ƙwarai. Kada ka ƙure ƙara a farkon wasan don ka ji shiru-shiru, da gangan aka yi shi haka, kuma liyafar da ke biye za ta fasa maka kunne. Daidaita ƙarar da tafin farko.

Hoto kuwa 480p ya isa a waya. Awa biyu a haka kan ci kusan gig ɗaya ko sama da haka kaɗan. In ka sauka ƙasa da 360p fassarar da ke jikin hoto ba za ta karantu ba. Inda manhajar ta ba da damar saukewa, ka sauke da dare lokacin da data ke da sauƙi, don tsayawar hoto a tsakiyar waƙa yana tsinka zaren da ba ya ƙulluwa. Ka cika caji, ka rufe sanarwar saƙonni.

Ba dole ne ka cinye shi a zama ɗaya ba. Kashi na ɗaya kusan rabin awa ne, na biyu ya ɗan haura awa, na uku rabin awa da 'yan mintuna. A gidan wasa ma hutu ake yi tsakaninsu. Kana iya kallon na ɗaya da yamma, sauran bayan isha'i. Sharaɗin kawai shi ne kada ka tsaya a tsakiyar kashi.

Muryoyin

Biyar za ka riƙe. A mata akwai sofrano, mafi siranta da hawa sama, da mezo, mai ɗan kauri da duhu. A maza akwai tena mai hawa sama, bariton na tsakiya, da bas na can ƙasa. A oferar Italiya galibi sofrano ce wadda ake so, tena ne saurayin, bariton kuma uba ne ko abokin gaba. Violetta, Alfredo, Germont ke nan, ɗaya bayan ɗaya. Da ka riƙe wannan, ko ka rufe ido za ka san wa ke magana.

Waƙar kanta tafiya biyu take yi. Akwai inda ake rerawa kusa da magana, labari na ci gaba. Akwai kuma inda labari ke tsayawa cak, mutum ɗaya ya buɗe cikinsa, wannan ita ce ariya. A nan za ka ga fassara ta tsaya a kan layi ɗaya ana ta maimaita shi. Kada ka ƙosa. Makaɗanmu ma sukan riƙe ɗango ɗaya su yi ta juya shi da 'yan amshi, kowane dawowa da nasa nauyi. Idan fassara ta daina sauyawa, alama ce ka ɗauke ido daga rubutu ka koma fuska da murya.

Yanzu ka danna, ga abin da za ka saurara

Kafin labule ya buɗe akwai kiɗan share fage na 'yan mintuna. Yana farawa da gogen Turawa zalla, a sama can, siriri kamar numfashin mara lafiya. Ka riƙe wannan sautin. Bayansa wani sassanyan kari mai faɗi zai shigo yana gangarowa. Shi ma ka riƙe shi. Verdi ya ba ka ƙarshen labarin da tsakiyarsa tun kafin ka ga fuskar kowa.

A kashi na ɗaya za ka ji waƙar ɗaga kofi da wataƙila ka taɓa ji a talla ba ka san daga ina take ba. Ka bar ta ta wuce, ba ita ce zuciyar wurin ba. Ka jira inda baƙi suka shiga rawa, jiri ya kwashi Violetta, Alfredo ya tsaya tare da ita. Shi yana rera dogon kari a natse, ita tana mayar masa da gajerun sautuka masu tsalle-tsalle, irin dariyar wadda ba ta son a ga cikinta. Bayan kowa ya watse ta rage ita kaɗai, tana tambayar kanta ko wannan ne wanda ranta ya daɗe yana jira. Sai ta katse kanta ta ce hauka ne, ta faɗa waƙar *Sempre libera*, wai ita 'yantacciya ce har abada. Kalmomin na murna ne, amma ka ji yadda muryar ke gudu tana hawa kamar mai tsere wa wani abu. A tsakiyar haka muryar Alfredo za ta shigo daga waje, daga ƙasan taga, da karin nan nasa. Ka kalli fuskarta a daidai nan. Abin da ofera ta fi kowane irin wasa iyawa ke nan: baki na faɗin abu ɗaya, kiɗa na tona wani.

Kashi na biyu ne ƙashin bayan wasan, kuma zaman Violetta da Germont, kusan minti ashirin, shi ne abin da nake komawa gare shi fiye da komai a ofera. Dattijon ya shigo da raini. Ta tsayar da shi da magana ɗaya, cewa ita mace ce kuma a gidanta take. Ya ga takardun sayar da kayanta, ya gane ba cin ɗansa take ba, amma bai fasa abin da ya kawo shi ba, sai dai ya sauya murya. Ya kawo zancen 'yarsa. Ta ce za ta yi nisa na ɗan lokaci, ya ce har abada yake nufi. Ta ce masa ba ta da lafiya, ba ta da kowa. Ya ce mata kyau na gushewa, namiji na gajiya, kuma zaman da babu aure babu abin da zai riƙe shi. Ka lura ba mugu Verdi ya zana ba. Mutum ne mai ganin yana kare gidansa, kuma kiɗan da aka ba shi mai taushi ne, shi ya sa abin ya fi ciwo. Inda ta sallama, muryar tana sauka kusan raɗa, *Dite alla giovine*, ku gaya wa yarinyar nan mai kyau da tsarki cewa akwai wadda ta sadaukar mata. Mawaƙiyar da ta iya rera wannan wuri a hankali har ya kai kujerar ƙarshe, ita ce gwana, ba mai ƙarfin ihu ba. Daga ƙarshe ta roƙe shi ya rungume ta kamar 'yarsa don ta sami ƙarfin yi.

Sai ta zauna rubuta wasiƙar rabuwa. Ba ta rera komai, wata sarewa da ake kira kilarinet ce ke kuka a madadinta. Alfredo ya shigo, ta ɓoye takardar, ta rikice, sannan ta fashe da *Amami, Alfredo*, ka so ni kamar yadda nake son ka. Wannan shi ne kari na biyu da ka ji a share fage. In tsigar jikinka za ta tashi, a nan ne.

Liyafar da ke biye tana da raye-raye, ka huta a cikinsu. Bayan watsa kuɗin, kowa a dandamali zai rera a lokaci guda, kowa da nasa kalmomin: uba na tsawatarwa, ɗa na nadama, jama'a na tir. Fassara ba za ta iya bin su duka ba. Ka bi muryar Violetta kawai, tana shawagi a saman sauran.

Kashi na uku yana buɗewa da siririn gogen nan na farko, yanzu kuma ka san ma'anarsa. Likita ya gaya mata za ta warke, ya juya ya raɗa wa mai aikinta cewa sa'o'i suka rage. Ta tambayi nawa ya saura a akwati, aka ce tsaba ashirin, ta ce a kai wa matalauta goma. Ta ɗauko wasiƙar Germont ta karanta da magana, ba da waƙa ba, goge ɗaya na bin ta da karin Alfredo. Bayan fiye da awa ɗaya da rabi ana rera komai, jin murya tsirara haka yana girgiza mutum. A waje ana bikin gari da kaɗe-kaɗe. Daga nan ba sai na yi maka jagora ba. Abu ɗaya zan ƙara: a daƙiƙun ƙarshe za ta miƙe ta ce ciwon ya tafi, ƙarfi na dawo mata. Kada ka ɗauke ido.

Idan labule ya sauka kada ka kashe. Ka kalli fitowar 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, wadda ta mutu yanzu ta fito tana haki, fuskarta ba ta gama dawowa ba. Za ka ji ana kiran "bravo" ga namiji, "brava" ga mace, "bravi" ga jama'a. Wannan yabo ne, kuma yana cikin abin da fim ɗin situdiyo ba zai ba ka ba.

Abin da kyamara ke ƙarawa da abin da take ragewa

An tsara wasan ne don mai kallo daga nesa, kyamara kuma tana kawo ka har gaban hanci. Za ka ga gumi, da kwalliya mai kauri, da bakin da ya buɗe fiye da kima, da idon mawaƙi yana satar kallon madugun makaɗa. Za ka ga mai shekara hamsin a matsayin saurayi, ko lafiyayyiyar mace a matsayin mai tarin fuka. Murya ake ɗauka aiki kafin siffa, kuma irin wannan murya ba ta nuna sai an shekara ana gina ta. Matsalar tsohuwa ce. A daren farko na 1853 'yan kallo sun yi wa mawaƙiyar dariya don jikinta bai yi kama da na mai jinya ba, Verdi da kansa ya rubuta cewa wasan ya faɗi, sai a shekara ta gaba, da wasu mawaƙan, ya tashi. Ka ba kanka minti goma, ido zai sallama wa kunne.

Ka kuma tuna cewa akwai darakta na biyu, na bidiyo, wanda ke zaɓar maka inda za ka duba. Yakan nuna mai waƙa alhali abin kallon yana fuskar mai sauraro. A kallo na biyu ka riƙa duban gefen hoto.

A tsofaffin naɗin *Aida* da *Otello* za ka ga Turawa an shafa musu baƙi don su fito a matsayin 'yan Afirka. Abu ne mai sosa rai, kuma an yi ta jayayya a kansa. Gidan Metropolitan ya daina yi wa Otello haka a 2015.

Bayan kwana biyu, ka sake kallon ta a wani naɗin

Wannan matakin ne ke mayar da mai leƙe mai kallo. Nemi ta bikin Salzbag a Ostiriya, 2005, da Anna Netrebko da Rolando Villazón da Thomas Hampson, daraktanta Willy Decker. Babu gado, babu kyandir. Farin bango ne mai lanƙwasa, da ƙaton agogo, da mace ɗaya cikin jar riga a tsakiyar taron masu baƙar kwat, har matan cikinsu an yi musu shigar maza. Likitan nan da ke fitowa a ƙarshe, a nan yana wurin tun farko, yana jira a gefe kamar ajali. Ba na kallon yara ba ne, amma da yake ka riga ka san kowane lungu na labarin, za ka ga yadda agogo ɗaya ya faɗi abin da kayan ɗaki goma ba su faɗa ba. Ka kwatanta *Dite alla giovine* a bakin matan biyu, ka yanke wa kanka wadda ta fi taɓa ka. Akwai kuma ta Faris a 2019, inda Pretty Yende 'yar Afirka ta Kudu ta fito a Violetta ta zamanin wayar hannu.

Daga nan ka wuce *Tosca*. Ta Covent Garden a 2011, da Gheorghiu da Jonas Kaufmann da Bryn Terfel, cikakkiya ce kuma hotonta garau. In ka gama, ka nemi kashi na biyu da aka ɗauka a wannan gidan a 1964, baƙi da fari, shahararriyar mawaƙiya Maria Callas da Tito Gobbi. Babu cikakkiyar ofera ko ɗaya ta Callas a dandamali da aka ɗauka a bidiyo, shi ya sa wannan guntun yake da daraja. Ka kalli hannunta yana rawa da kofi, da lokacin da idonta ya faɗa kan wuƙar da ke bisa tebur.

Sai *Carmen* ta Bizet, da Faransanci, wadda mai ita ya rasu wata uku bayan fara nuna ta a 1875. Sai *Aida*, labarin gimbiyar Habasha da ke bauta a fadar Masar, wadda aka fara yi a Alƙahira a 1871. A ita ka nemi daren 3 ga Janairu, 1985, a Metropolitan, daren da Leontyne Price, baƙar fata 'yar jihar Misisifi, ta yi ban kwana da dandamalin ofera tana da shekara 57. A kashi na uku, a bakin kogin Nilu, wata 'yar'uwar algaita da ake kira obo ce ke share mata hanya, ta rera *O patria mia*, ya ƙasata, ba zan ƙara ganin ki ba. Da ta kai ƙarshe ɗakin ya ɓarke da tafi na mintuna, ita kuwa ba ta rusuna ba, don wasan bai ƙare ba. Kyamara ta tsaya a kan fuskarta, leɓenta na rawa, tana riƙe hawaye, har makaɗa suka samu damar ci gaba.